Kundin Jinyar Agara da Ƙugu a Hannun Ostiyofat

Litinin, 1 ga Satumba

Na buɗe wannan kundi ne domin in riƙa rubuta yadda jinyar agarar ƙafata ta dama da ta ƙuguna take tafiya, daga yanzu har zuwa lokacin da zan koma gudu kamar yadda na saba. Shekaruna sun haura arba'in, aikina na zaman kujera ne, kuma na jima ina gudun safe tare da buga badminton a ƙarshen mako. Ciwon agarar ya soma ne wajen wata uku da suka wuce, a daidai lokacin da na ƙara nisan gudu na kuma shigo da hawan tudu cikin atisayena. Wurin da ke ciwon yana saman dunduniya da kamar faɗin yatsu uku, kuma idan na kama shi tsakanin babban yatsa da manuni ina jin ya fi na hagu kauri. Takun farko bayan na sauko daga gado shi ne mafi wahala, domin ƙafar takan sandare, sai na yi ta ɗingishi kafin ta saki. Idan na fita gudu ciwon yakan lafa da zarar jiki ya ɗumama, washegari kuma ya dawo fiye da da. Ciwon ƙugu daga baya ya biyo, a ɓangaren hagu, kuma ya fi tsananta idan na daɗe a zaune.

Na gwada hutun wasu makonni, ciwon ya kwanta, amma fitar farko ta tashe shi. Shi ya sa na nemi ganin ostiyofat, wato masanin da ke duba tsoka da ƙashi da gaɓoɓi yana yi musu aiki da hannu, tun da koke biyu gare ni a wurare biyu, kuma an san masu wannan fanni da duba jiki gaba ɗaya. An ba ni ranar Alhamis. Kullum da safe zan auna abu biyu: zafin takun farko a kan ma'aunin 0 zuwa 10, da mintocin da ƙafar ke ɗauka kafin ta saki. Yau zafin 6 ne, sandarewar kuma ta kai minti 20.

Alhamis, 4 ga Satumba

Ganawar farko ta ci kusan awa guda, kuma fiye da rabinta tambayoyi ne. Matar da ta duba ni ta fara da tarihin ciwon, sannan ta shiga abubuwan da ba kowa zai danganta su da agara ba: ko ina da ciwon suga, ko kitsen jinina ya hau, ko an taɓa yi mini allurar sitiroyid a wurin, ko na sha maganin kashe ƙwayoyin cuta irin ciprofloxacin a 'yan watannin nan. Ta ce wannan rukunin magani yana raunana agara har takan iya tsinkewa, kuma tun 2008 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sa ake buga gargaɗi mai ƙarfi a kan haka a takardar maganin. Game da ƙugu, ta tambaya ko ciwon yana sauka har ƙasan gwiwa, ko ina jin fatar tsakanin cinyoyina ta mutu, ko fitsari da bayan gida sun sauya, ko ina ramewa ba dalili. Ta ce da na amsa da e a kan fitsari da mutuwar fata, da ba za ta taɓa ni ba, asibiti za ta tura ni yau ɗin nan, domin alamu ne na matsewar jijiyoyin da ke ƙarshen laka, kuma wannan aikin gaggawa ne na likitocin tiyata.

Daga nan ta sa na kwanta rub da ciki, ƙafafuna suna reto a bakin gado, ta matse sharaɓata da hannu ɗaya. Tafin ƙafar ya motsa da kansa, alamar agarar tana haɗe ba ta tsinke ba, kuma wannan shi ake kira gwajin Thompson. Sai ta tsayar da ni gaban bango, ta ce in tura gwiwa ta taɓa bangon ba tare da dunduniya ta ɗaga ba, ina ja da ƙafar baya kaɗan-kaɗan har inda zan iya, ita kuma tana auna tazarar babban yatsa da bangon. Hagu ta kai santimita 11, dama ta tsaya a 6. A ɗage da ƙafa ɗaya, hagu ta yi 24, dama ta yi 9 tana karkarwa. Na kuma cike takardar tambayoyi takwas da ake kira VISA-A, wadda ke ba wa agara maki daga 0 zuwa 100, na tashi da 52.

Abin da ta gano shi ne tsakiyar agarar ce ta gaji da nauyin da ya fi ƙarfinta, irin ciwon da kan zauna tsakanin santimita 2 zuwa 6 sama da inda agara ta kama ƙashin dunduniya. A lokacin gudu agara tana ɗaukar abin da ya ninka nauyin jiki sau shida zuwa takwas a kowane taku, hutu kuwa zafi kawai yake kwantarwa, ba ya ƙara mata ƙarfi, rage shi ma yake yi. Ƙugun kuma tana ganin ɗingishin watanni da yawan zama ne suka haɗu suka tayar da shi. Na tambaya ko sai an ɗauki hoton MRI na bayan. Ta ce babu buƙata a yanzu, domin wani nazari na 2015 da ya tattara hotunan mutanen da ba sa jin ciwon baya ko kaɗan ya nuna cewa a cikin 'yan shekara 40, rabi faifan da ke tsakanin ƙasusuwan bayansu ya ɗan bullo, kashi 68 cikin ɗari kuma faifan ya nuna alamar tsufa. Hoto zai iya nuna mini abin da zai tayar mini da hankali alhali ba shi ne ke ciwon ba.

Aikin hannun kansa bai wuce minti 20 ba. Ta yi tausa mai zurfi a sharaɓa, ba ta murza agarar kanta ba. Ta tallafe dunduniyata da hannu ɗaya, ɗayan a gaban idon sawu, tana tura ƙashin baya tana saki a hankali domin gaɓar ta ƙara lanƙwasa. A kwatangwalo ta sa ina tura cinyata a kan hannunta da ɗan ƙarfi na 'yan daƙiƙu, in saki, ita kuma ta ƙara miƙe tsokar. A ƙarshe ta kwantar da ni a gefe, ta naɗe ƙafar sama, ta karkata kafaɗata baya, ƙuguna gaba, ta bayyana abin da za ta yi ta nemi izinina, sannan ta danna da sauri. Na ji ƙas a ƙasan baya. Da na miƙe sunkuyawa ta fi sauƙi, gwajin bango kuma ya tashi zuwa 8.

Aikin gida shi ne in yi ɗage da ƙafafu biyu in tsaya a sama na daƙiƙa 45, sau biyar, safe da yamma. Gudu da badminton an dakatar da su, tafiya da hawan keke babu laifi. Ta kuma ce in sa ɗan abin ɗaga dunduniya na roba a cikin takalman biyu.

Asabar, 6 ga Satumba

Jiya ƙuguna ya kwana da tsami, yau ya saki. Ta riga ta gaya mini cewa wajen rabin waɗanda ake yi wa irin wannan aiki sukan ji haka na kwana ɗaya ko biyu. Na sake gwajin bango a gida, ya koma 6, wato ribar da aka samu a kan gadon jinya ba ta kwana biyu ba. Ta fuskar kuɗi, ganawar farko ta fi masu biyo ta tsada saboda tsawonta, kuma inshorar lafiyata ba ta ɗaukar wannan fanni, don haka komai daga aljihuna zai fito. Robar dunduniya ba ta ci wani abin kirki ba.

Alhamis, 11 ga Satumba

Na tambaye ta ƙarar nan da na ji makon jiya, ko wani ƙashi ne da ya goce ya koma mazauninsa. Ta yi murmushi ta ce, "A'a Malam, da ƙashin bayanka ya goce, ai ba da ƙafarka za ka shigo nan ba." Bayaninta shi ne ƙananan gaɓoɓin da ke bayan ƙashin baya suna ɗauke da ruwa mai santsi, idan aka buɗe gaɓar da sauri sai matsin cikinta ya faɗi, kumfar iska ta samu, ita ce ke ba da ƙarar. A 2015 masu bincike a Jami'ar Alberta ta Kanada sun ɗauki hoton MRI na yatsa ana jansa, aka ga kumfar tana bayyana daidai lokacin da ƙarar ta fita. Shi ya sa gaɓar da ta yi ƙara ba ta sake yi sai bayan kamar minti 20. Sauƙin da mutum ke ji daga baya aikin jijiyoyi ne, tsoka ta saki, zafi ya ragu na ɗan lokaci.

Wannan ya sha bamban da abin da wanda ya kafa fannin ya koyar. Andrew Taylor Still likita ne Ba'amurke wanda sanƙarau ya kashe masa 'ya'ya uku a 1864, ya yanke ƙauna daga magungunan zamaninsa, kuma a 1874 ya fito da ra'ayin cewa yawancin cututtuka daga karkacewar ƙashi da toshewar hanyoyin jini da jijiya suke tasowa. Ya buɗe makarantarsa a garin Kirksville na jihar Missouri a 1892, ɗalibinsa John Martin Littlejohn kuma ya kafa wata a Landan a 1917. Daga nan hanya ta rabu biyu. A Amurka masu digirin ostiyofati cikakkun likitoci ne, suna rubuta magani suna yin tiyata, kuma da yawansu ba sa ma aikin hannu. A Birtaniya da mafi yawan ƙasashe kuwa aikin hannu ne da shawarar motsa jiki, kuma dokar da Birtaniya ta yi a 1993 ta hana kowa kiran kansa ostiyofat sai mai rajista. Akwai ƙasashen da babu irin wannan doka, inda wanda ya yi shekara huɗu yana karatu da wanda ya halarci bitar 'yan kwanaki suke ɗaga allo iri ɗaya, duk da cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'aunin horon fannin tun 2010. Saboda haka ne na nemi ganin takardun wadda ke duba ni kafin in kama rana, kuma ba ta ɗauki hakan a matsayin raini ba.

Aikin yau irin na makon jiya ne, sai dai ba a danna bayan ba.

Litinin, 15 ga Satumba

Zafin safe 5, sandarewa minti 15. Ƙugun ya yi sauƙi ƙwarai tun da na fara tashi daga kujera duk bayan rabin awa. Keke kawai nake hawa.

Alhamis, 18 ga Satumba

Yau aka tsara ainihin aikin, kuma na lura cewa kusan duka ganawar a tsaye muka yi ta, gadon jinya bai samu ko minti goma ba. Ta shimfiɗa mini hanyoyi biyu. Ta farko ita ce ta Håkan Alfredson, likitan ƙashi ɗan Siwidin, wadda ya wallafa a 1998: mutum ya tsaya a bakin matakala da gaban tafin ƙafa, ya hau sama da ƙafa mai lafiya, ya sauko a hankali da mai ciwo har dunduniya ta wuce matakalar ta yi ƙasa. Ana yin 15 sau uku gwiwa a miƙe, 15 sau uku gwiwa a lanƙwashe, safe da yamma, jimilla 180 ke nan a rana, kullum har mako 12. 'Yan wasa 15 da ya fara gwada ta a kansu duk sun koma gudu. Ta biyu ita ce ɗaga nauyi mai yawa a hankali, daƙiƙa uku hawa daƙiƙa uku sauka, sau uku a mako, a fara da nauyin da mutum zai iya ɗagawa sau 15, a bi da sannu har zuwa wanda ba zai wuce sau 6 ba. Wani gwaji da aka yi a Denmak a 2015 a kan mutum 58 ya kwatanta hanyoyin biyu, sakamako ya zo kusan ɗaya, sai dai masu ɗaga nauyi sun fi dagewa a kan atisayen nasu.

Na zaɓi ta biyu domin ta fi dacewa da lokutan aikina, ko da yake tana nufin biyan kuɗin shiga gidan motsa jiki na wata uku, wanda shi ne kashi mafi girma a lissafin wannan jinya bayan kuɗin ganawa. Kwanan da ake bari tsakani yana da dalili: bayan aiki mai nauyi, agara tana rushe tsohon kolajin, wato sinadarin da zaruruwanta suka ginu da shi, fiye da yadda take gina sabo a kwana ɗaya zuwa ɗaya da rabi na farko, sai daga baya ginin ya rinjaya.

Agara kamar igiya take da aka tufka da zaruruwa masu yawa, wasu sun yi rauni, mafi yawa lafiyarsu lau. Wani bincike na 2013, shi ma daga Denmak, ya auna sinadarin kabon 14 da gwaje-gwajen bam ɗin nukiliya suka bari a jikin mutane, ya gano cewa tsakiyar agara tana kammala ginuwa ne wajen shekara 17, kuma daga nan da ƙyar take sabuntawa. Abin da na fahimta daga wannan shi ne babu hannun da zai murza wurin da ya yi kauri ya mayar da shi sabo. Abin da ke hannunmu shi ne ƙarfafa zaruruwan da suka rage da kuma tsokar sharaɓa da ke jan su.

Ƙa'idar zafi ostiyofat ɗin ta samo ta ne daga binciken Karin Silbernagel, wata mai bincike a kan ciwon agara, na 2007: a lokacin atisaye an yarda zafi ya kai 5 cikin 10, amma dole ya kwanta kafin gari ya waye, kuma kada ya riƙa hauhawa daga mako zuwa mako.

Alhamis, 25 ga Satumba

Wadda ke duba ni ta yi tafiya, sai abokin aikinta ya karɓe ni, kuma ganawar ba ta yi mini daɗi ba. Bai tambayi nauyin da nake ɗagawa ba, bai kuma dubi takardar zafin safe da na zo da ita ba. Ya ɗora manyan yatsunsa a ƙasusuwan ƙuguna ta baya, ya ce ɓangaren hagu ya karkace, ƙafar dama ta fi gajarta, kuma wai nan ne tushen ciwon agarar. Daga nan ya tallafe kaina da tafukansa na tsawon lokaci, ya ce yana sauraron motsin ƙasusuwan ƙoƙon kai. A ƙarshe ya ba ni shawarar in biya kuɗin ganawar mako-mako na wata biyu a dunƙule, da ɗan ragi.

Ban karɓa ba, kuma ga dalilina. Gaɓar da ta haɗa ƙarshen ƙashin baya da ƙashin ƙugu motsinta bai wuce 'yan milimita ba, jijiyoyi masu kauri ne suka ɗaure ta, kuma binciken da aka yi ta maimaitawa ya nuna cewa masu duba ta da yatsa ba sa cika haɗuwa a kan wane ɓangare ne ya karkace a jikin mutum ɗaya. Aikin ƙoƙon kai kuwa wani ɗalibin Still ne mai suna William Sutherland ya fito da shi a shekarun 1930, kuma idan aka sa masu yinsa biyu su ƙirga bugun da suke cewa suna ji a kan mutum ɗaya, lissafinsu yakan saɓa. Kwanciyar ta yi daɗi, wannan gaskiya ne, har gyangyaɗi na yi. Amma ciwon da ya fara a makon da aka ƙara gudu da hawan tudu ba ya buƙatar a je ƙoƙon kai neman dalilinsa. Kuɗin yau na sa shi a layin asara.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Ta dawo. Na gaya mata yadda muka yi, ba ta zagi abokin aikinta ba, amma ba ta kare shi ba. Ta ce fannin nasu gida ne mai ɗakuna da yawa, kuma ita tana bin abin da hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Birtaniya, ta faɗa a 2016, cewa aikin hannu a ciwon ƙasan baya a yi shi ne kawai tare da motsa jiki, kada a yi shi shi kaɗai. Da kanta ta kawo gwajin da aka yi a Faransa aka wallafa a 2021, inda aka raba masu ciwon baya 400 gida biyu, rabi aka yi musu aikin ostiyofati na gaske, rabi aka yi musu taɓawar banza mai kama da shi, kuma bambancin da aka samu ƙarami ne har masu binciken suka yi shakkar ko marar lafiya zai ji shi a rayuwarsa ta yau da kullum. Mun amince a rage ganawa zuwa sau ɗaya a mako uku.

Zafin safe ya sauko 3, sandarewa minti 5, ƙugu kuma shiru. Ganin haka ta ba ni izinin abu uku: in cire robar dunduniya, in riƙa saukar da dunduniya ƙasan matakala a wajen ɗaga nauyi, in kuma fara gudun minti ɗaya da tafiyar minti biyu a shimfiɗaɗɗen wuri.

Laraba, 8 ga Oktoba

Ciwo ya dawo ɗanye. Gudun ranar Asabar ya tafi lafiya, zafinsa bai wuce 2 ba, ranar Lahadi kuma na tashi da 3 kamar kullum. Ranar Litinin na ɗaga nauyi da sabon salon, dunduniya tana sauka ƙasa sosai, kuma a zagaye na ƙarshe na ji wani tsini a wurin da ban saba ji ba, can ƙasa, daidai inda bayan takalmi ke taɓawa. Jiya Talata na yi gudu na biyu kamar yadda aka tsara, zafin ya kai 4, wato bai karya ƙa'ida ba. Yau da asuba da na taka ƙasa sai da na dafa bango. Zafin 7 ne, sandarewar ta haura rabin awa, saukowa daga matakala kuma sai da gefe. Ƙugun ma ya motsa zuwa yamma, tun da ɗingishi ya dawo.

Gabana ya faɗi, don haka na duba abubuwan da ta koya mini. Ban ji wata ƙara ba, ban ji kamar an buge ni a bayan ƙafa ba, babu rami idan na bi agarar da yatsa, kuma ina iya ɗage da ƙafafu biyu. Na kira na nemi a gan ni gobe.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Ta maimaita gwajin matse sharaɓa, agarar tana haɗe. Tsohon wurin bai ƙara kauri ba, sabon zafin a mahaɗar agara da ƙashin dunduniya yake. Ta bayyana cewa idan dunduniya ta sauka ƙasa sosai, agarar tana naɗewa a kan ƙashin ta matsu, kuma cire robar takalmi ya ƙara wannan matsi a duk takun yini, ga gudu ya zo ya hau kai. Ta ce, "Malam, sauyi uku na ba ka a mako ɗaya, ya kamata in jera su ɗaya bayan ɗaya." Illar hakan ita ce yanzu ba mu da hanyar sanin wanne ne ya fi laifi a cikinsu.

An koma baya. Roba ta koma takalmi, gudu ya tsaya, ɗaga nauyi a daɓe kawai za a yi ba a matakala ba, an kuma rage nauyin da kashi ɗaya cikin uku. An hana ni miƙe sharaɓa a jikin bango, tun da shi ma matsa mahaɗar yake yi. Na tambaya game da ƙanƙara. Ta ce in sa na minti goma idan tana rage mini zafi, amma kada in ɗauka warkarwa take yi, domin Gabe Mirkin, likitan da ya yaɗa tsarin hutu da ƙanƙara da ɗauri da ɗaga ƙafa a 1978, shi da kansa ya fito a 2014 ya ce ƙanƙara da cikakken hutu suna iya jinkirta warkewa. Tausar yau a nan ta nuna amfaninta, domin na shiga ina ɗingishi na fito ina taka ƙafar sosai, kuma hakan ya ba ni damar yin atisayen yamma. Wannan ganawa ba ta cikin lissafi, don haka kasafin ya ƙaru.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Zafin safe ya koma 4, sabon wurin ya kusa yin shiru. Nauyi ya koma inda yake kafin tashin ciwon.

Talata, 21 ga Oktoba

Wata matsala ta shigo daga gefe. Zazzaɓi da zafin fitsari suka kai ni asibiti, likita ya rubuta mini magani, kuma da na karanta takardar a wajen karɓa sai na ga ciprofloxacin. Ban sha ba. Na koma na shaida masa cewa ina jinyar agara kuma ina ɗaga nauyi da ita, abin da ba a tambaye ni ba tun farko, nan take ya sauya mini da wani daga rukuni dabam. Haɗarin tsinkewar agara da wannan magani ya fi yawa ga waɗanda suka haura 60, da masu shan sitiroyid, da waɗanda aka yi wa dashen ƙoda ko wata gaɓa, kuma yana iya aukuwa cikin kwana biyu da fara sha ko bayan watanni da gamawa. Akwai cututtukan da babu makawa sai shi, amma nawa ba ya cikinsu. Da na sanar da ostiyofat ɗin ta waya, ta ce sauya magani ba hurumin ta ba ne, na likita ne, kuma in bar ɗaga nauyi har zazzaɓi ya sauka.

Alhamis, 30 ga Oktoba

Na koma gidan motsa jiki da nauyin da ya ɗan gaza na baya. Zafin safe 3. A ganawar yau an cire roba kaɗai, ba a taɓa komai ba.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Mako guda babu roba kuma babu abin da ya tashi, saboda haka gudu ya dawo, minti ɗaya gudu minti biyu tafiya, a ranar da ba ta bi ranar ɗaga nauyi ba. Na sa manhajar da ke buga ƙararrawar taku a waya, na ƙara yawan takuna a minti da kamar kashi biyar cikin ɗari, domin gajeren taku yana sa ƙafa ta sauka kusa da ƙarƙashin jiki maimakon can gaba. An gargaɗe ni kada in koma sauka a kan yatsu, domin wannan salon agara yake ɗora wa nauyi. Na sayi sabon takalmi mai ɗan tudun dunduniya, tun da tsohon ya cinye ta gefe ɗaya.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Gudu minti biyu, tafiya minti ɗaya. Zafin safe 2, sandarewa ba ta kai minti biyar ba.

Alhamis, 20 ga Nuwamba

Yau aka maimaita gwaje-gwajen ranar farko. VISA-A ya tashi daga 52 zuwa 74. Ɗage da ƙafar dama ya kai 19, hagu 25. Gwajin bango ya ba da 9, kuma kafin a taɓa ni aka auna shi, wato wannan karon ribar ta zauna. Kaurin da ke jikin agarar yana nan, ta ce mai yiwuwa ya daɗe ko bayan zafi ya tafi, kuma ba shi za mu riƙa aunawa ba. Ƙugun bai sake magana ba tun tsakiyar Oktoba, kuma sau ɗaya tak aka danna shi a duk jinyar.

Sauran aiki shi ne tsalle, domin ɗaga nauyi a hankali bai koya wa agara miƙewa da dawowa cikin sauri ba, kuma badminton wannan yake buƙata. Tsarin mako huɗu masu zuwa shi ne nauyi ya ci gaba sau uku a mako har ya kai wanda ba zan wuce ɗagawa sau 6 ba, gudu ya ƙaru zuwa minti 20 ba tsayawa a shimfiɗaɗɗen wuri, sannan a shigo da ƙananan tsalle da ƙafafu biyu, sauyi ɗaya a kowane mako. Hawan tudu zai jira har ɗagen dama ya kusa kamo na hagu, badminton kuma sai na iya tsalle da ƙafar dama ita kaɗai ba tare da zafin safe ya ƙaru ba. Kuɗin gidan motsa jiki zai ƙare a tsakiyar Disamba, kuma zan sabunta shi da abin da na rage daga kuɗin ganawa. Ganawa ta gaba ranar 18 ga Disamba ce, in Allah ya kai mu, kuma a ranar za a auna tsalle da ƙafa ɗaya.